Ɗauko Kaka Daga Morogoro

Litinin, 3 ga Yuni, 4:10 na yamma. Morogoro.

Mun ɗauko shi. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, layi na uku, kabari na shida. An rubuta Bhekumuzi Zungu, 1951 zuwa 1986. Kakana ke nan, wanda ban taɓa gani ba.

Kawu Sakhile ya durƙusa, ya warware tawul, ya fito da reshen magaryar kurar da muka yanko a bayan garken gidanmu na Nongoma, ya ja shi a kan kabarin sau uku. Ya ce, "Baba, ni ne Sakhile, wanda ka bari yana tatata. Tashi ka hau, mun zo tafiya da kai gida. Mama tana jira." Daga nan bakinsa ya rufu ga duk mai rai. Haka ƙa'idar take: wanda ya riƙe reshe ba ya magana da kowa sai mamacin, ba ya waiwaye, kuma duk kogi, duk kan iyaka, duk canjin mota sai ya sanar da shi, don kada ya ɓata a hanya. Ni ce bakin Kawu har mu isa gida. Dalilin haɗo ni da shi ke nan, wai na gama jami'a, ina jin Turanci, kuma ban sami aiki ba tukuna.

Na gaya wa Gogo, kakata, jirgin sama bai kai awa huɗu ba. Ta ce mijinta ta ƙasa ya fita a 1977 yana gudun 'yan sandan farar fata, ya bi ta Botswana da Zambiya, kuma ta nan zai dawo, don ita ce hanyar da ya sani. Tana kwance a asibiti tana wannan maganar. Likita ya ja Mama, mahaifiyata, gefe ya ce kada mu yi nawa. Na duba taswira: kilomita dubu huɗu da casa'in, kwana takwas in komai ya tafi daidai.

Reshen: tsawo santimita arba'in da biyu, ganye goma sha tara, duk sun fara bushewa. Ilimin tsirrai na karanta, kuma ban yarda kurwa tana hawa itace ba. A nan kaɗai zan rubuta wannan.

Talata, 4 ga Yuni, 1:35 na rana. Cikin mota, hanyar Mbeya.

Tikiti uku na yanka, ɗaya na Kaka, kujerar taga. Wata mata mai kwandon ayaba ta shigo a hanya, ta ga kujera babu kowa, ta nufo ta. Kwandasta ya ce mini, "'Yar'uwa, wa ke nan?" Na ce kakana. Ya ce, "Ya sauka fitsari ne?" Na nuna masa tawul, na yi masa bayani. Ya juya ya gaya wa matar da Suwahili. Ta dafe ƙirji, ta ɓalli ayaba biyu ta ajiye a kan kujerar, ta koma baya ta zauna kan buhu.

Kawu ya ce, "Baba, an gaya mini ba ka son ayaba." Ya cinye.

Wannan ne abin da ya fi ɓata mini rai. Mutumin da aka ce ya yi shiru, tun safe bakinsa bai huta ba. Duk abin da yake so ya gaya mini sai ya gaya wa tawul, da ƙarfi.

"Baba, ka ga jikarka mai digirin ganye? Ɗanka bai sa komai a bakinsa ba, ita tana ta rubutu kamar mai ɗaukar jawabi a ofishin 'yan sanda."

Na ce, "Kawu, wannan wayo ne. Da ni kake magana."

"Baba, akwai wani sauro da ke kuka a kunnena."

Mun ratsa dajin Mikumi, na ga raƙuman dawa biyar a bakin titi, suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Kawu ya sanar da Kaka kogin Ruwaha, amma ya tsallake ƙananan koguna biyu don yana barci. Na tashe shi. Ya gaya wa Kaka cewa a zamaninsu yaran da ke tashin manya daga barci ba sa auruwa.

Laraba, 5 ga Yuni, 5:50 na yamma. Nakonde, Zambiya.

Sanyin Mbeya ya fi na gida. Na kwana da safa biyu.

Tun muna gida nake tsoron kan iyaka, don na san dokar shigo da tsirrai, na rubuta jarrabawa a kanta. Na zo da wasiƙar sarkin yankinmu cikin leda, kwafi huɗu. Ma'aikacin ya karanta a hankali, ya sa aka buɗe tawul, ya duba babu ƙasa, babu 'ya'ya, babu ƙwaro. Sai ya cire hularsa ya ce wa reshen, "Sannu da hanya, Baba," ya mayar da ita. Ban san abin da ya sa idona ya kawo ruwa ba. Gajiya ce.

Ganye goma sha bakwai. Mama ta kira. An ƙara wa Gogo ruwa.

Alhamis, 6 ga Yuni, 3:20 na yamma. Bakin titi, kilomita sha ɗaya kafin Serenje.

Mota ta mutu tun ƙarfe biyu saura. Ta yi wata ƙara daga ƙasa, ta ja ciki, ta tsaya. Direba ya ce minti goma. An sa mata duwatsu a ƙafa, an sassaro rassa an jera a kan kwalta gaba da baya don masu zuwa su rage gudu. Mai wa'azin da ya yi mana addu'a kafin mu tashi ya riga ya tare wata motar gawayi ya yi gaba abinsa. Na rubuta lambar motar da lambar wayar kwandasta. Kujerunmu 29, 30 da 31.

Alhamis, 6:15 na yamma.

An turo wata motar, rabinta cike. Mutum sittin suka yi kan ƙofa ɗaya. Ni na ɗauki jakunkunan goyo biyu, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji, Kawu ya koma ciki ya sunkuto tawul. Babu kujerar Kaka yanzu, a cinyar Kawu yake. Na ji da kunnena yana cewa, "Baba, mun canza mota." Na yi wa kwandasta magana kan tikiti na uku, ya ce in kai ƙara wurin injin.

Juma'a, 7 ga Yuni, 4:00 na yamma. Lusaka.

A Kapiri muka kwana, mun shigo da hantsi. Masaukin cike yake da Turawa masu jakar goyo, ƙafafunsu duk dauɗa, suna musu kan wace ƙasa ce ta fi arha. Wata Bajamushiya ta ji labarinmu, ta ce abin ya burge ta matuƙa, ko za ta iya ɗaukar hoton reshen. Na ce a'a, kakana ne. Ta ce ai shi ya sa.

Akwai bishiyar magarya a tsakar gidan, 'ya'yan sun nuna, na ci har haƙorana suka mutu. Kawu ya yi shiru yau, shiru na gaske. Na kawo masa tuwon masara da kifi, bai gaya wa Kaka cewa ya huce ba. Bai ma taɓa ba. Na ji daɗin hutun.

Asabar, 8 ga Yuni, 6:30 na yamma. Livingstone.

Mama ta kira sau uku. Ba zan rubuta ba. Gobe Botswana.

Lahadi, 9 ga Yuni, 7:45 na safe.

Zan rubuta abin yadda ya faru.

Na ce wa Kawu ya buɗe tawul in ƙirga ganye kafin mu je kan iyaka. Ya ƙi. Ya rungume shi, ya gaya wa Kaka jikarsa ta cika bincike. Sai na ga ganye ɗaya ya leƙo ta gefe, kore shar. Reshen da aka yanko kwana goma sha biyu da suka wuce ba ya kore. Na juya ganyen, bayansa fari ne, da gashi kamar auduga. Ganyen magaryar kura santsi ne gaba da baya. Wannan magarya ce, irin wadda na ci 'ya'yanta a Lusaka.

Na ce, "Kawu, ina Kaka?"

Ya ce, "Baba, gaya wa yarinyar nan..."

Na ce, "Da wa kake magana? Da itacen tsakar gidan mutane? Kwana biyu kana sanar da shi koguna! Na yanka masa tikiti jiya!"

Ya ajiye tawul a kan gado. Ya ce, "Thobile." Rabon da ya kira sunana kwana shida.

Ya ce a turmutsitsin canjin motar nan tawul kawai ya sunkuto. Reshen ya zame, wataƙila tsakanin kujera da jikin mota. Sai a Lusaka ya warware ya ga babu komai. Ya ce ya zauna awa guda a banɗaki, sannan ya fito ya ga bishiyar.

Na ce mu koma. Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce, "Mai digiri, ke da kika iya lissafi, yi mini wannan. Zuwa da dawowa kwana huɗu. Kin ji abin da uwarki ta ce jiya. Kina so ki kai wa gawa reshen gaskiya, ko ki kai wa mai rai wannan? Idonta ba ya gani. Wa zai sani?"

Na ce ni.

Ya ce, "Ke ba ki ma yarda ba. Ina ganin fuskarki duk lokacin da na yi masa magana."

Na ce, "Gogo ta yarda. In yana kan itace, to yana Serenje, shi kaɗai, a ƙasar da ba tasa ba, karo na biyu. In ba ya kan itace, me muka zo yi?"

Ya ce, "Ni ina da shekara biyu ya tafi. Ban san muryarsa ba. Uwata na sani, kuma ina so in same ta da rai."

Na kira kwandasta, ya ce motar tana nan inda muka bar ta, ana jiran wani ƙarfe daga Dar es Salaam. Na yanki tikitin Lusaka guda ɗaya. Kawu ya zage ni, ya zagi jami'a, ya zagi wanda ya ƙirƙiro jami'a, sannan ya je ya yanki nasa.

Lahadi, 2:10 na rana. Cikin mota.

Mun koma baya. Ba a waiwaye, mu ga mu muna komawa gaba ɗaya. Ina fushi da Kawu. Ina fushi da motar. Ina fushi da mutumin da ya bar mace da ciki wata shida da yaro a hannu, ya je ya mutu da zazzaɓin sauro a inda sai an ƙetare ƙasa uku kafin a same shi. Kowa a gida yana cewa jarumi ne. To, jarumi ne.

Litinin, 10 ga Yuni, 8:00 na safe. Lusaka.

Na gaya wa Mama mota ce ta lalace. Gaskiya ne, mota ta lalace.

Litinin, 5:40 na yamma. Serenje.

Tun daga nesa na hango rassan da aka jera a kan kwalta. Me zai hana wani ya tsinci reshenmu ya jefa a nan? Na bi su ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci suna yi mini ham, tayoyi sun niƙe rabinsu. Goma sha huɗu na duba, babu magaryar kura.

Wani dattijo ya fito daga ƙarƙashin motar, baƙin mai har gwiwar hannu. Bakanike ne, sunansa Ba Chisanga; a nan "Ba" kalmar girmamawa ce. Ya ce, "Ku ne masu dattijon nan? Kun kyauta! A garinku haka ake yi, a sauka a bar tsoho a mota?"

Ya ce ranar Juma'a yana neman sifana ƙaya ta soke shi. Kwandasta ya riga ya ba shi labarin fasinjan kujera 31, don haka ya ɗauke shi ya zaunar da shi a kujerarsa, ya ɗaura masa bel. Ya ce shi tun ranar ya daina kwana a cikin motar, a gindin bishiya yake kwana, don bai kamata ya yi wa baƙo minshari ba. "Kullum da safe ina gaishe shi. Bai taɓa amsawa ba. Mutum ne mai kawaici."

Na hau. Yana nan, da bel. Santimita arba'in da biyu, ganye goma sha ɗaya, ƙaya bibbiyu, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe.

Kawu ya tsaya a matakala ya kasa shigowa. Ya ce shi ya karya bakinsa, ya kuma yi wa ubansa kishiya da itacen banza, ba zai sake bin sa ba. Na ce ni mace ce, kuma 'yar 'ya mace, ko sunan Zungu ba na amsawa, dattawa ba za su yarda ba. Ba Chisanga ya ce, "Dattawan suna nan? Ni kaɗai ne dattijo a nan, kuma ina so in koma kwana a motata."

Na durƙusa a tsakanin kujeru. Na ce, "Kaka, ni ce Thobile, 'yar Nomusa, wadda ka bari a cikin Gogo. Ka yi haƙuri. Tashi mu tafi." Na miƙa wa Kawu wayata da ledar takardu.

Talata, 11 ga Yuni, 6:05 na yamma. Lusaka.

Karo na uku a garin nan. Na sanar da shi komai, har kwalbatoci.

Laraba, 12 ga Yuni, 5:30 na yamma. Livingstone.

Kawu ne bakina yanzu, kuma Turancinsa na wurin aikin tashar jiragen ruwa ne, rabinsa zagi. Ya yanko mana kujerun baya, kan taya. Ya sayo mini lemo mai gas, ya san ba na sha. Mama ta kira, ya tashi ya koma bayan tasha ya amsa, ya dawo yana kallon takalminsa. Ba ni da ikon tambaya. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi irin wayonsa ba.

Alhamis, 13 ga Yuni, 10:25 na safe. Kan gadar Kazungula.

Na ce, "Kaka, wannan Zambezi ne, babba, ka riƙe da kyau. Kai a kwalekwale ka haye shi, an ce. Yanzu akwai gada." Sai na ji bakina ya ci gaba: "Kaka, tambayi ɗanka, matarka tana nan?"

Kawu bai yi dariya ba, ko da yake ya cancanta. Ya ce, "Tana nan. Ta sa an maido ta gida. Ta ce ba za ta karɓi baƙo a asibiti ba."

Alhamis, 4:50 na yamma. Hanyar Francistown.

Giwaye bakwai a bakin titi, direba ko rage gudu bai yi ba. A shingen cutar shanu aka sauke kowa, aka ce mu taka wani tsumma mai magani, har takalman cikin jaka sai an fito da su. Na taka, na gaya wa Kaka dalili, da sunan cutar. Wata tsohuwa a bayana ta ce wa Kawu, "'Yarka tana da lafiya kuwa?" Ya ce, "Digiri ne ya yi mata yawa." Ban waiwaya ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, 7:00 na yamma. Gaborone.

Ganye tara. Waya ba ta yi ƙara ba yau. Ban san ko alheri ne ba.

Asabar, 15 ga Yuni, 3:15 na yamma. Johannesburg.

Na ce masa, "Kaka, ka shigo ƙasarka. Da fasfo muka shigo, ta ƙofa, ba wanda ya bi mu." Motar Nongoma ta riga ta cika ta tashi, sai gobe. In muka tarar an kafa rumfar makoki a ƙofar gida, ni na jawo. Na sani. Kawu bai faɗa ba, ya sayo mini ruwa, ba lemo ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, 6:20 na yamma. Gida.

Babu rumfa.

An tare mu da akuya a bakin ƙofa yadda ake yi. Dattawa suka ga reshe a hannuna, ba a hannun Kawu ba, suka fara gunaguni, ɗaya ya ce wannan wane irin sabon salo ne. Mama ta fito ta ce Gogo ta ce a kawo mata shi yanzu, garken shanu, inda ake kai reshe, ya jira.

Ta ƙanƙance, sai ka duba da kyau kafin ka gan ta cikin bargo. Kawu ya durƙusa ya fara bayanin mota, da ƙarfe, da Dar es Salaam. Ta ce, "Sakhile, fita. Tun kana ƙarami in bayaninka ya yi tsawo na san akwai abu." Ya fita.

Ta ce, "Thobile, matso. Ba na gani. Ke za ki gaya mini. Shi ne?"

Na sa mata reshen a hannu, bakina ya buɗe. Na ce, "Shi ne, Gogo."

Ta shafa shi daga ƙasa zuwa sama, a hankali. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, "Bhekumuzi. Kwana uku ka ce mini. Ka ce in ajiye maka tuwo." Ta huta, ta ja numfashi. "Ko wasiƙa. Mutum mai makaranta, ko wasiƙa guda. Nomusa, ɗauke shi ki kai bakin ƙofa ya tsaya, ba zai shigo mini ɗaki haka kawai ba."

Mama ta miƙa hannu ta ɗauka, Gogo ta ƙi saki. Ƙaya ta soki Gogo, jini ya ɗiga a kan bargo, ɗigo biyu. Ta ce, "Bar shi. Ban gama ba."

Litinin, 17 ga Yuni, 11:00 na safe.

Dattawa suna zaune a bakin garke tun jiya suna jiran reshe. Ta ce su jira. Daga tsakar gida ana jin ta, ƙasa-ƙasa. Ta kai kan shekarar da aka yi fari ta sayar da shanunsa biyu.

Talata, 18 ga Yuni, 9:05 na safe.

Ta gama faɗan da gari ya waye. Mama ta rufe mata ido. Reshen yana hannunta, kuma ba wanda ya yarda ya zama mai cire shi.